Lardin Katsina: Taswirar Razdan da Ta Ƙi Gogewa

Ranar 23 ga Satumba, 1987, da Janar Ibrahim Babangida ya ba da sanarwar ƙirƙiro Jihar Katsina, babu ma'aikacin safiyo da ya sha wahalar shata sabuwar iyaka. Taswirar tana nan a ajiye tun 1934. Abin da aka yanke daga Jihar Kaduna aka miƙa wa Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar, gwamnan farko, shi ne tsohon Lardin Katsina: masarautar Katsina da masarautar Daura, daga Jibiya da Mai'aduwa a bakin iyakar Nijar har zuwa Sabuwa da Dandume a kudu, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 24,000. Matasan da aka haifa bayan wannan rana, waɗanda su ne mafi yawan mutanen jihar a yau, da wuya ka ji kalmar lardi a bakinsu. Amma a cikin lardin suke kwana suke tashi, suna kawai aka sake masa.

Ya kamata a san yadda aka yi wannan taswira, domin da yawa daga abubuwan da ke damun Katsinawa a yau, da waɗanda suke alfahari da su, a jikinta suke.

Ƙasar da ta riga lardi

Ƙasar Katsina ta dā ta fi lardin faɗi, musamman ta arewa da yamma. A zamanin sarakunan Haɓe, zuriyar Muhammadu Korau, ikon birnin ya kai yankin Maraɗi da Tasawa, ya kuma taɓa garuruwa irin su 'Yandoto da Kwatarkwashi, waɗanda yanzu suke Jihar Zamfara. Birnin kansa zango ne na fataken hamada. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas yana sauke kaya a nan, malamai kuma suna biyo sawun fatake. Shehu Magili ya ratsa ta Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, kuma har gobe ana ziyartar kushewar Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a tsakiyar gari tana ba da shaida.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya fara raba wannan ƙasa gida biyu. Wajen 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓe birnin, 'ya'yan sarautar Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗankasawa ya kafa zama a Maraɗi. Ba su taɓa yarda sun bar gadon gidansu ba, shi ya sa har yau mai sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Kusan duk ƙarni na 19 hare-hare ne tsakanin Katsinar Fulani da Katsinar Maraɗi, wadda Gobirawan Tsibiri ke mara wa baya. Ƙauyukan arewa da na yamma suka watse, daji ya cinye gonaki, mutane suka yi ta matsawa kudu, wajen kogin Karaduwa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya iso a 1851, ya tarar da ganuwa mai tsawon gaske amma yawancin cikinta fili ne da gonaki, ciniki kuma ya koma Kano.

Daura ma haka ta same ta. Fulani suka zauna a birnin da ke da rijiyar Kusugu, gidan sarautar Haɓe ya rarrabu, wasu a Zango, wasu a Ɓaure.

Wannan rabuwa ta yaƙi ce, kuma rabuwar yaƙi tana iya ɗinkewa. Turawa ne suka zo suka buga mata ƙusa. Ingila da Faransa sun yi ta zama a kan teburi, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, suna jan layi a kan ƙasar da galibinsu ba su taɓa takawa ba. Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi, a ƙarshe aka bar musu Maraɗi. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi layin tana kafa alamun iyaka. Daga ranar, mai gona a Jibiya ya zama talakan Sarkin Ingila, ɗan'uwansa da ke tafiyar yini guda a arewa ya zama na Faransa. Iyakar arewa ta Lardin Katsina ke nan, kuma ita ce iyakar Najeriya har yanzu.

Daga Kano zuwa Zazzau, sannan gashin kai

Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Ba a yi yaƙi ba. Sarki Abubakar ya karɓe shi, amma zaman bai yi daɗi ba. Ba a daɗe ba Turawa suka tuɓe shi suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ɗauko Durɓin Katsina Muhammadu Dikko, Basulluɓe, suka ɗora. Da wannan sarauta ta bar gidan Dallazawa bayan shekara kusan ɗari, ta koma gidan da take har yau: Dikko zuwa 1944, Usman Nagoggo zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. A Daura kuwa akasin haka Turawan suka yi. Gidan Haɓe suka maido, suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Ita ce masarautar da aka san an yi wa haka a tsakanin masarautun da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato, kuma Abdurrahman ɗan Malam Musa ya yi sarauta tun daga 1911 har 1966, wato ya ga zuwan lardin, ya kusa ganin tafiyarsa.

A shekarun farko Katsina ba ta da lardin kanta. Yanki ce kurum a cikin Lardin Kano, ana aika rahotonta ga Razdan na can. Duk da haka a nan aka gwada wani abu da ya zama ginshiƙin mulkin En'e a Arewa baki ɗaya. Jami'in Turawa H. R. Palmer da Sarki Dikko suka kafa baitulmali, na farko irinsa a Arewa: harajin da aka tara a zuba wuri guda, a rubuta, a cire kason gwamnati, sauran a biya sarki da hakimai da alƙalai albashi, a yi ayyuka da abin da ya rage. Kafin nan kowane mai sarauta hannunsa ne ma'ajinsa. Sauran masarautu daga baya suka kwaikwaya.

A 1926, lokacin da Palmer ɗin nan yake Laftanan Gwamnan Arewa, aka sake fasalin larduna, aka cire masarautar Katsina daga Kano aka haɗa ta da Lardin Zazzau. Wanda ya dubi taswirar auduga zai ga abin da ya sa hakan ya yi wa Turawa ma'ana, don kudancin Katsina da arewacin Zazzau gona ɗaya ce, kuma a shekarun ne ake shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Funtuwa. Sai dai masarauta mai yawan jama'a da kuɗin shiga kamar Katsina, mai sarki irin Dikko, wanda ya riga ya yi aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila tun 1921, ba ta zama rataye a jikin wani lardi ba. Shekara takwas aka yi. A 1934 aka ba Katsina lardinta, aka ɗauko Daura daga Lardin Kano aka haɗa mata, hedkwata a birnin Katsina.

Yadda ake juya lardi

A takarda, Razdan ne kan lardi, sai Di'o-Di'o a ƙarƙashinsa, suna zaune a bariki, bayan ganuwa, nesa da hayaniyar gari. Amma talaka bai cika ganin Bature ba sai in an fito rangadi. Wanda yake gani shi ne mai unguwa, sama da shi dagaci, sama da shi hakimi, sai sarki da 'yan majalisarsa. En'e ce ke da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, ita ke da makarantun elementare da ɗakunan shan magani, ita ke gyaran hanya da haƙa rijiya.

Babban sauyin da aka kawo shi ne na gundumomi. A dā mai sarauta yana iya mallakar garuruwa a warwatse, wannan a gabas wancan a yamma, jakadunsa na karɓo masa abin da ya samu. Sabon tsari ya dunƙule ƙasa gunduma-gunduma, kowane hakimi ya tare a tasa. Sunayen da muka saba ji tare da garuruwansu daga nan suka daɗa kafuwa: Ƙaura a Rimi, Galadima a Malumfashi, Durɓi a Mani, 'Yanɗaka a Dutsin-ma, waɗanda su ne masu zaɓen sarki, sai Iya a Mashi, Makama a Bakori, Marusa a Dutsi, Yarima a Safana, Sarkin Ruma a Batsari, Sarkin Maska can kudu. Ka ɗora jerin ƙananan hukumomi 34 na yau a kan jerin gundumomin nan, za ka ga yawancinsu ko dai gundumar ce sukutum, ko kuma an raba ta biyu ko uku.

Kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Injin lardi da haraji yake tafiya. Da kaka ta yi, malamin haraji zai sauka ƙofar gidan dagaci da littafinsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kira magidanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya biya a yaga masa rasit, ya naɗe shi ya cusa a layar hula ko cikin kuttu, don ranar da ɗan doka zai tare shi a hanyar kasuwa ita ce shaidarsa. Wanda bai samu ba ya sayar da akuya, ko damin gero da ya tanada don bazara, ko ya tafi cin rani. Bafillace kuma yana da nasa, jangali, a ƙirga shanu kai-kai, abin da ya sa da lokacin ƙirga ya gabato wasu garkunan ke ɓacewa cikin dajin Rugu ko su tsallaka ƙasar Faransa. Akwai aikin tilas na hanya da na ɗaukar kaya. Ba banza ba jam'iyyar NEPU ta samu masu saurare a ƙauyukan lardin a shekarun 1950, ba banza ba kuma mutane suka yi murna da gwamnatin Balarabe Musa ta Jihar Kaduna ta soke haraji da jangali bayan hawanta mulki a 1979. Masanin nan Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Kaita, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda biyan haraji da tsabar kuɗi da dogaro ga amfanin gona na sayarwa suka rage wa manomi ƙarfin jure fari. Na yarda da shi, kuma duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin ƙauye ya ji suna lissafa shekarun yunwa da sunayensu ba zai yi gardama ba.

Ta ɗaya gefen, akwai makaranta. A nan ne abin alfahari yake, da abin takaici. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malaman makaranta ga Arewa duka. Ahmadu Bello ya zauna a ajinta, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Abubakar Imam, haka Isa Kaita. Ginin yana nan, an mayar da shi gidan tarihi. In ka shiga za ka ga katangar ƙasa mai kauri wadda ke tsare sanyi ko da tsakar rana, da rufin azara a kan bakan gizo irin na maginan Hausa. Ɗakunan ba su da girma, har mutum ya yi mamakin yadda rabin majalisar ministocin Arewa ta fito daga cikinsu. Amma shekara huɗu kacal bayan Katsina ta samu lardi, a 1938, aka kwashe kwalejin zuwa Kaduna, daga can zuwa Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Abin da ya rage wa gari shi ne makarantar Midil, wadda ta zama sakandaren lardi, yanzu Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Ita ma ba ta yi abin kunya ba: Muhammadu Buhari daga Daura da Shehu Musa 'Yar'aduwa daga cikin birni duk ɗalibanta ne. Aikin da makarantar lardi ta yi ke nan wanda ba a cika faɗa ba. Ta tara yaron Daura da na Funtuwa da na Kankiya a ɗakin kwana ɗaya, suka tashi suna ganin kansu 'yan wuri guda.

Tudu, rairayi da laka

Lardin dogo ne daga arewa zuwa kudu, kuma tafiyar kilomita wajen 200 daga birnin Katsina zuwa Funtuwa tafiya ce tsakanin ƙasashe biyu. Arewa jigawa ce, rairayi mai saurin shanye ruwa, damina gajeriya, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Gero da wake da gyaɗa ne abincinta, gawo da aduwa da kuka ne itatuwanta. Da ka wuce Kankiya da Dutsin-ma ƙasa za ta fara ja, duwatsu su fara ɓullowa. Kafin ka kai Malumfashi da Bakori ka shiga laka, inda ruwa ke kaiwa milimita 1,000 ko fiye, ƙasar dawa da masara da auduga, da rake da tumatir a fadamun Ɗanja.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba, Katsina tudu ce mai raba ruwa. Ba ta da babban kogi nata, amma tana shayar da na wasu. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa yake tasowa. Karaduwa da Bunsuru suna gangarawa yamma su shiga Rima. Ta gabas kuwa ruwan yana bin hanyar Haɗeja ne zuwa tafkin Chadi. Mafi ban sha'awa shi ne kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya: yana tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya shayar da fadamun can, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da Rima. Duk digon da aka tsare a madatsar Jibiya, manomin Maraɗi yana ji a jikinsa. Zama a kan tudu kuma yana da tsada, don ruwa wucewa yake yi ba ya zama. Shi ya sa birnin ya dogara da madatsar Ajiwa, shi ya sa kuma madatsar Zoɓe da aka kammala a 1983 ta daɗe tana ci wa mutane tuwo a ƙwarya, ruwa shimfiɗe kamar teku, garuruwan da ke kewaye da shi suna sayen na jarka.

Wannan bambanci na ƙasa shi ya karkatar da arzikin lardin. Turawa auduga suke so don masaƙun Ingila, auduga kuwa tana kudu. Layin dogo ya bi ta Funtuwa ya wuce Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, kantunan Turawa da na Kwara suka biyo, ƙaramin gari a ƙasar Maska ya zama birni na biyu a lardin, mai jama'a daga ko'ina. Ba mamaki da Mamman Shata, ɗan Musawa, ya mayar da Funtuwa gida. A 1975 ma da Bankin Duniya ya zo da shirin bunƙasa noma, Funtuwa na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe. Hedkwatar lardi kuwa, birnin da ayarin hamada ya gina, jirgin ƙasa bai taɓa shigarsa ba. Gyaɗar arewacin lardin a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, ake kai ta Kano. Mulki na arewa, kuɗi na kudu, kuma Bafuntuwe ya fi kusa da Zariya a kan birnin sarkinsa. Kiran a ƙirƙiro Jihar Karaduwa da ake ta ji duk lokacin da aka buɗe maganar sababbin jihohi, a nan saiwarsa take.

Sai yamma, inda zuciya ke sosuwa. Dajin da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka bari tsakanin Katsina da Zamfara, gwamnatin lardi ta keɓe shi gandun daji, Rugu, makiyaya suna kiwo a ciki. Ita ce iyakar Lardin Katsina da Lardin Sakkwato, wuri mai nisa daga idon hukumomin biyu. Yau gundumomin da ke bakinsa, Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara aka shiga da su wannan daji. Iyaka a takarda layi ce siririya, amma a ƙasa daji ne mai faɗi wanda kowace jiha ke ganin rabinsa na maƙwabciya ne.

Rushewa da dawowa

Bayan samun 'yancin kai aka fara sauya wa lardi fuska. A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa kwamishinonin lardi, 'yan siyasa, a kan larduna goma sha uku na Arewa, kujerar Razdan ta koma ta sakataren lardi. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu, aka sake haɗa Katsina da Zazzau a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976. A tsakanin shekarun nan aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe littafin En'e.

Auren na biyu da Zazzau ya yi shekara ashirin, bai kuwa rasa ƙorafi ba. Mutanen tsohon Lardin Zazzau na ganin Katsinawa sun cika ma'aikatun Kaduna, Katsinawa na ganin ayyukan raya ƙasa duk a Kaduna da Zariya suke tsayawa. Ko a jamhuriya ta biyu, gwamnoni biyu cikin uku, Abba Musa Rimi da Lawal Kaita, daga ɓangaren Katsina suka fito. Da aka zo rabuwa ba a yi jayayya a kan inda za a yanka ba, kowa ya san inda tsohuwar iyakar take.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. An ƙaddamar da aikin a Fabrairu 2021. Masu suka a kudancin Najeriya sun yi ta tambayar me ya kai jirginmu wata ƙasa. Bakatsine bai ga wata ƙasa a nan ba. Tsakanin birnin da Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba, akwai auratayya, akwai kasuwar Jibiya da ta Mai'aduwa da ke cika da mutanen ɓangarorin biyu. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun nuna ko su wa ke shan wahala in an datse wannan hanya: direbobi, 'yan dako, masu sayar da abinci a tasha, da dillalan dabbobi. In aikin ya kammala, Katsina da Daura za su ga jirgin da Funtuwa ta gani tun kusan shekara ɗari da suka wuce, kuma kayan da zai ɗauka, hatsi da dabbobi da tufafi, kusan su ne waɗanda raƙuma ke bi da su ta wannan hanya kafin zuwan Tilho da O'Shee.